Kwafi da Jadawalin 'Yan Mata Huɗu

A benen shagunan nan mai hawa biyu, shago na bakwai daga matakala na wani saurayi ne da kowa ke kira Kwafi, don sana'arsa ke nan: buga takardu, ɗaukar kwafinsu, da liƙe su cikin leda. Hannunsa na kan inji, idonsa na kan waya. Shekara uku ke nan ba shi da abin kallo sai zanen Japanawan nan da ake ce wa anime, kuma ko a cikinsu iri ɗaya tak yake bi: wanda za ka ga yaro guda, ba kyau ba muni, 'yan mata huɗu ko biyar sun sa shi tsakiya, kowacce da kalar gashinta, kowacce na mutuwar sonsa.

Ran wata Litinin da hantsi ya leƙa shagon mai aski, maƙwabcinsa na hagu, da wata faffaɗar takarda a hammata.

"Maigida, na gano sirrin."

"Na me? Na tawadar da ke baƙanta wa mutane takardu?"

"Na mata."

Mai aski ya kashe injin askin, don irin wannan magana ba a jin ta da ƙara a kunne. Ya daɗe yana jin labarin yaron nan na cikin waya, amma bai taɓa gane kansa ba.

"Wai shi yaron me yake da shi ne? Kuɗi?"

"Ko sisi."

"Mota?"

"Ko keke."

"To iya zance?"

"In mace ta dube shi ma sosa ƙeya yake yi."

"To me suka gani a jikinsa?"

"Yauwa, nan daɗin yake!" in ji Kwafi, ya buga ƙafa. "Ba ya neman kowa, balle a ce masa a'a. Shi dai ya tsaya a inda ya dace a lokacin da ya dace, su kuma 'yan mata, huɗu ko biyar, su riƙa faɗowa kamar nunannen mangwaro. Na kalli guda ɗari biyu da goma sha ɗaya, Maigida. Duk doka ɗaya ce. Ba sa'a ba ce, ilimi ne."

Mutumin da ake yi wa aski, rabin kansa fes rabi daji, ya ce, "Har biyar? Ai ko a littafi an tsaya a huɗu."

"Shi ya sa ni ma na tsaya a huɗu. Ni mai bin doka ne."

Ya shimfiɗa takardar a kan teburin almakashi. Jadawali ne mai gida huɗu, an buga shi da kala, an liƙe shi cikin leda mai kauri. Gida na farko: *Masifaffiya*, wato mai kemis ta ƙasa, dokarta, duk zagin da ta yi so ne, yiwuwar nasara, kashi tamanin cikin ɗari. Na biyu: *Mai tabarau*, wato matar shagon littattafai wadda ba a cika jin muryarta ba, kashi saba'in. Na uku: *'Yar masu kuɗi*, wato 'yar mai benen, wadda ke zuwa duba ginin duk Asabar a madadin babanta, kashi tis'in. Na huɗu: *Ƙawar ƙuruciya*, dokarta, ba ta taɓa ci, amma kuma ba ta tafiya, kashi biyar.

Mai aski ya ɗora yatsa a kan gida na huɗu.

"Wannan Auta ce?"

"Ita ce."

"Autar da babanta ya ce ka turo manyanka ran Asabar?"

Auta ita ce telar da ke shago na takwas, a damansa. Layi ɗaya suka tashi, makaranta ɗaya suka yi. Shekara huɗu ke nan kowa a benen ya san maganarsu, ita ke tsare masa shago in ya fita, har ta fi shi sanin inda injin ke cin takarda. Babanta ya gaji da ganin saurayin da ba ya gaba ba ya baya, ya aiko da magana ɗaya: ran Asabar bayan la'asar zai zauna a gida yana jiran kawunnan Kwafi; in ba su zo ba, ya san matsayar da zai ɗauka.

"Jarumi ba ya zaɓa sai a kashi na ƙarshe na fim," in ji Kwafi. "Kafin Asabar, sauran ukun nan sun faɗo, sai in zauna in tace. Ita Auta tana nan, kamar bango. Ka taɓa ganin bango ya yi tafiya?"

"Na ga wanda ya faɗo wa mutum," in ji mai rabin kai.

Kwafi ya naɗe hannu ya dubi tsakar benen ta ƙofa. Can ƙarƙashin matakala mai makulli na zaune a ɗan teburinsa yana goga wani mabuɗi da magagari, mutumin da in ka ce masa sannu ya ce yauwa, to ya yi hirar yini.

"Ka ga irin wancan?" in ji Kwafi. "A anime su ne ake zanawa can baya, ko ido ba a yi musu. Don dai a cika titi."

Ran Talata aka fara da mai tabarau. Doka ta ce soyayya da irinta daga karo take farawa: a yi gware a kwana, littattafai su zube, hannu ya haɗu wajen tsincewa. A ƙa'ida yarinyar ce ke taho da gudu da yankan burodi a baki, amma tun da ba yadda zai yi ya sa mata, Kwafi ya ga ba laifi shi ya riƙe. Ya laɓe a kwanar matakala tun ƙarfe takwas. Kafin tara saura ya cinye yanka uku don jira, ya saka na huɗu a baki.

Ya ji taku. Ya rufe ido ya afka. Mai gadi ne, da bokitin ruwan goge-goge.

"Kai lafiyarka?" in ji mai gadi, yana duban wandon Kwafi da ya jiƙe har gwiwa.

"Gwaji ne, Baba."

"To Allah ya ba da sa'a. Ka biyo ni da wani bokitin."

Taku na biyu nata ne. Sai dai abin da jadawali bai faɗa ba shi ne, ran Talata ake kawo mata kaya, kuma kwalin da ta rungumo ƙamus-ƙamus ne guda goma sha biyu masu bangon katako. Aka yi gware. Kwalin ya sauka daidai kan babban yatsan ƙafarsa, tabarau ya yi tsalle ya daki bango. Kwafi ya shirya kalmominsa tun jiya, zai ce cikin taushin murya, "Ba ki ji ciwo ba?" Abin da ya fito, ta bayan burodi, shi ne, "Wayyo ƙafata!"

Ita kuwa ba ta gani in babu tabarau. Ta juya ta fuskanci ginshiƙin bene ta ba shi haƙuri har sau biyu.

Mai makulli ya taso, ya tsinci tabarau da maƙalin kunnensa ɗaya da ya ɓalle, ya koma teburinsa, ya zaro wani ɗan mitsitsin sukuru daga gwangwani, ya ɗaura, ya goge gilashin da gefen rigarsa. "Ga shi," ya ce. Ya ɗauki kwalin ya kai mata ƙofar shago ya dawo kan magagarinsa.

Kwafi ya hau sama yana ɗingishi, ya tsaya a ƙofar mai aski.

"Ka gani? Ta kasa haɗa ido da ni."

"Ginshiƙi ta haɗa ido da shi."

"Kunya ce. Na ƙara mata kashi biyar."

Auta ce ta ɗaure masa yatsan da ƙyallen shadda, allura a bakinta, tef ɗin awo a wuya.

"Garin yaya?"

"Harkar maza ce."

"Harkar maza da burodi a gemu?" Ta kakkaɓe masa. "Ka je wajen Kawu kuwa?"

"Ina sane."

"Ba sani na tambaye ka ba, zuwa na tambaye ka. Baba har kujeru ya aro."

"Auta, ke fa matsalarki gaggawa. Abu mai kyau sai kashi na ƙarshe."

Ta dube shi, ta ja ƙullin ƙyallen da ɗan ƙarfi har ya yi tsalle, ta koma kan kekenta.

Ran Alhamis aka koma kan mai kemis. Ita dama Kwafi ya daɗe yana tara mata maki. Duk ranar da ya shiga ya tambayi kuɗin abu bai saya ba ta ce masa sakarai, sai ya fito yana murmushi kamar an ba shi kyauta. Abin da ya rage shi ne mataki na gaba: jarumi ya yi zazzaɓi, masifaffiya ta ɗora tafin hannunta a goshinsa, fuskarta ta yi ja, ta ce, "Ba wai na damu da kai ba ne fa."

Matsalar ita ce lafiyarsa ƙalau. Amma tun suna makaranta ya san dabarar: a raba albasa biyu a cusa a hammata, jiki ya yi zafi. Ya raba manya biyu, don ba ya son aikin rabi-rabi, ya zauna cikin rana minti ashirin, sannan ya shiga kemis yana tangaɗi, hannuwansa manne da jiki kamar kazar da aka fige.

Kemis ɗin cike yake. Wata tsohuwa da ke jiran maganin hawan jini ta shaƙi iska ta ce, "Yau miya ake sayarwa a nan?"

"Me kuma ya kawo ka?" in ji mai kemis.

"Jikina ne… taɓa ki ji."

"In taɓa ka? Allah ya kiyaye." Ta zaro ma'aunin zafi. "Ɗaga hannu."

"Ba ya ɗaguwa."

"To ai abin ya yi tsanani. Ɗaga, sakarai!"

Ya ji kalmar, zuciyarsa ta yi fari, hannu ya ɗagu da kansa. Rabin albasa ya gangaro ta ƙasan riga, ya mirgina a kan tayil, ya tsaya a gaban takalmin tsohuwar. Ɗayan ya biyo baya.

Mai kemis ta dubi albasa, ta dubi Kwafi. Ba ta yi ihu ba, wanda duk mai hankali ya san shi ne alamar haɗari.

"Na gane ciwon," ta ce. "Allura uku ne. Biyu yanzu, ɗaya in ka farfaɗo. Shiga ciki ka kwance wando."

Ta ɗauko sirinji mafi girma da ke cikin akwati, irin wanda ake wanke kunne da shi, ta ɗaga sama. A anime ɗari biyu da goma sha ɗaya ba a taɓa yi wa jarumi allura ba. Kwafi ya juya da gudu, ya manta da yatsan Talata, ya taka albasarsa, ya tafi da baya ya rungumo kantar da ke bakin ƙofa. Audugar mata, sabulun jarirai da robobin man shafawa suka rufe shi ruf.

"Ga zazzaɓi ya sauka," in ji tsohuwar.

Ƙafar kantar ce ta karye. Kafin Kwafi ya gama fita daga ƙarƙashin kaya, mai makulli ya iso da guduma da ƙusoshi huɗu a baki. Ya miƙar da ita, ya buga, ya girgiza ya ga ta tsaya, ya taya jera kaya. Mai kemis ta miƙa masa kuɗi, ya girgiza kai ya fita.

"Sau bakwai ta ce min sakarai," Kwafi ya gaya wa mai aski. "Har da 'dabba' sau ɗaya. Ba a taɓa kai wa nan ba."

"Kwafi, mai rabon shan duka ba ya jin kwaɓa. Yau Alhamis. Je ka ga kawunka."

"Asabar da safe ma ta isa. Maigida, babban kifin na nan tafe. Kashi tis'in!"

Asabar da safe bai je ba, domin shirin babban kifi ya cinye safiyar. Dokar 'yar masu kuɗi ita ce a kulle ta da jarumi a ɗakin ajiya, bisa tsautsayi. Duhu, tsoro, sanyi. Ya cire rigarsa ya yafa mata. Ta ce ba a taɓa yi mata haka ba don duk kuɗin babanta ake so. Akwai ɗakin ajiya a ƙarshen barandar sama, inda ake tara karyayyun kujeru da gwangwanayen fenti, mai ƙofar ƙarfe da 'yar taga ɗaya can sama. Kwafi ya karɓi mabuɗin a wajen mai gadi da sunan zai ɗauki kujera. Ya kwance ƙwan lantarkin. Ya ɓoye fulas ɗin shayi da fakitin biskit a bayan fenti. Ya aro kwat ya saka a kan rigarsa, a tsakiyar zafin rana. Wayarsa ya bari a shago da gangan, don a irin wannan wuri ba a taɓa ganin jarumi da waya ba.

"Baba," ya ce wa mai gadi, "in an zo daga gidan mai bene, ka ce ruwa na yoyo a ɗakin ajiya."

Ya leƙa shago na takwas. "Auta, ki duba min shago, zan je in dawo."

Fuskarta ta washe. "Wajen Kawu?"

"Kusa da nan dai."

Ƙarfe biyu da kwata ya ji taku a baranda, ga ƙamshin turare mai tsada ya riga takun isowa. Ya manne a bayan ƙofa. Aka shigo. Ya tura ƙofar da ƙarfi, ya murza mabuɗi sau biyu, ya cilla shi ta 'yar tagar. Ya ji ƙararsa can ƙasa, *ƙil*, sannan *tsulum*, cikin magudanar ruwa.

"Kash!" ya ce da muryar da ya kwana yana gwadawa. "Iska ta rufe mu. Kada ki ji tsoro, ina tare da ke."

Ya cire kwat ya laluba cikin duhu ya yafa. Kafaɗun suka yi masa faɗi. Ya ƙara miƙa hannu, har yanzu bai kai ƙarshensu ba.

"Wace iska?" in ji wata murya kamar ana jan buhu a kan siminti.

Mai benen ne da kansa. 'Yarsa ta tsaya a wajen gyaran mota, shi kuma da ya ji zancen yoyo bai iya jira ba.

"Ranka ya daɗe…"

"Kai waye?"

"Shago na bakwai."

"Ina yoyon?"

"Ya… ya tsaya."

"Ina mabuɗin?"

"Ya fita."

"Shi kaɗai?"

Dattijon ya laluba aljihu, ya tuna wayarsa na mota. Ya nemi kujera, ta farko ta karye da shi, ta biyu ta ɗauke shi da ƙyar. Suka buga ƙofa har mai aski ya ji, ya zo ya kara kunne, ya tambayi ko su waye, ya sake tambaya don daɗin amsar, sannan ya tafi ya shaida wa bene gaba ɗaya. Aka nemi mai makulli, aka ce an ɗauke shi aiki cikin gari, sai wajen la'asar.

Ɗakin ya ɗau zafi kamar tanda. Mai bene ya gano fulas da biskit da ƙafarsa.

"Wannan kuma na waye?"

"Na gaggawa ne, ranka ya daɗe."

"To ai ga gaggawar." Ya cinye biskit ɗin tas, ya shanye shayin, ya miƙa wa Kwafi murfin kwali. "Yi min fifita. Kuma ka sake faɗin abin nan da ka faɗa da farko. Wai kana tare da ni."

Yana cikin fifita ya ji kiran sallar la'asar daga nesa. Hannunsa ya tsaya. A karo na farko cikin mako guda ya tuna da kujerun aro.

"Ci gaba," in ji mai bene.

A can shago na bakwai kuwa, wani ɗalibi ya kawo takardar shaida yana son kwafi biyu. Auta ta ɗaga murfin inji don ta ɗora, sai ta tarar da wata faffaɗar takarda mai leda kwance a kan gilashi, inda mai ita ya ɓoye ta. Ta karanta gida na farko ta yi dariya. Ta karanta na biyu da na uku. Ta karanta na huɗu sau biyu. Ta sallami ɗalibin, ta mayar da takardar kan gilashi, ta danna talatin. Injin bai ci ko takarda ɗaya ba.

Biyar saura mai makulli ya dawo. Bai tambayi yadda aka yi ba. Ya durƙusa a gaban ƙofar da 'yan wayoyinsa, makullin ya ƙi don tsatsa, ya sa kurfi da guduma ya cire shi ɗungurungum. Ƙofa ta buɗe.

Mai bene ya fara fitowa, da kwat ɗin aro a kafaɗa da ɓurɓushin biskit a gemu. Kwafi ya biyo shi, jiƙe sharkaf, murfin kwali a hannu. Barandar cike take maƙil, daga mai gadi har mai rabin kan ran Litinin, kuma kowa na riƙe da takarda iri ɗaya.

Mai kemis ce a gaba.

"'Duk zagin da ta yi so ne,'" ta karanta da ƙarfi. "Ashe haka ne? To matso, yau zan so ka son da ba a taɓa yi wa ɗan Adam ba. Sakarai! Dolo! Gaɓo! Mai albasa a hammata!"

"Kashi ɗari ke nan," in ji mai aski.

Mai tabarau ta gyara tabaranta, ta yi jimla mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinta a benen: "Ni fa ina da miji. 'Ya'yana uku."

'Yar mai bene ta iso ke nan, mabuɗin mota a hannu, aka miƙa mata nata kwafin. Ta duba gidanta, ta duba Kwafi sama da ƙasa.

"Ni ce tis'in ɗin? To shi wannan waye? Ba shi ne ke share matakala ba?"

"Ni ne mai shara, 'yata," in ji mai gadi. "Kada ki haɗa ni da shi."

Mai bene ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa ya karanta, tumbinsa ya fara rawa don dariya. "Ashe ni na ci kashi tis'in ɗin. Ku ba ni mai ledar, zan kai wa uwargida ta gani. Shekara arba'in ba ta taɓa yafa min riga ba."

Dariya ta ɗauke barandar. Kwafi ya buɗe baki zai yi bayanin cewa a kashi na goma sha ɗaya dama komai kan rikice kafin ya gyaru, sai mutane suka dare. Auta ce. Ba ta riƙe da takarda. Mabuɗin shagonsa ne a hannunta, wanda ya shekara huɗu a zaren wuyanta.

"Baba ya kira," ta ce. "Ya ce ya mayar wa masu kujeru kujerunsu."

"Auta, bari in…"

"Na kira Kawu in ji ko lafiya. Ya ce wace Asabar?"

Ba wanda ya yi dariya yanzu.

"Kashi biyar," ta ce. "Na ga ka rubuta ba ta taɓa ci, amma ba ta tafiya. Ka yi karatu sosai, Kwafi, rabin farkon daidai ne." Ta kama hannunsa ta saka masa mabuɗin, ta naɗe yatsunsa a kai. "Injin na son a share masa gilashi. Kullum ni nake yi."

Ta juya. A nan ne mai tabarau ta ce, "Jini!"

Kurfin ya yanki mai makulli a yatsa, shi ko lura bai yi ba, yana tattara kayansa bayan ya ƙi karɓar kuɗin da mai bene ya miƙa masa. Mai kemis ta ce, "Kai ma sakarai ne, ka tsaya da ciwo haka?" ta ruga ƙasa ta ɗauko filasta da aidin. Mai tabarau ta karɓe masa akwatin kayan aiki ta rungume. 'Yar mai bene ta buɗe jaka ta miƙa masa robar ruwan sanyi, tana cewa tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya ƙi karɓar kuɗin babanta ba. Auta ta zaro ƙyalle daga aljihunta ta tsayar da jinin kafin filasta ta iso. Mai makulli ya tsaya a tsakiyarsu, ya rasa inda zai sa idonsa, ya ɗaga hannun da ba ciwo ya sosa ƙeya.

Kwafi ya tsaya yana kallo. Leɓensa na motsi. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Mai aski ya matso kusa da shi, ya rage murya.

"Ni kam in tambaye ka. A finafinan nan naka, akwai wani mai shegen surutu, kullum da sabon shiri, kullum shi ake mari?"

"Akwai," in ji Kwafi.

"Waye shi?"

"Abokin jarumi."

"Yana samun mata a ƙarshe?"

"Ko sunansa na gaskiya ba a cika faɗa ba."

"Allah sarki," in ji mai aski. "To ai ka ga ilimin bai tafi a banza ba."

Bayan wata uku Auta ta shigo shago na bakwai da 'yar takarda a hannu, ta ajiye a kan inji. Katin ɗaurin aure ne. Mai makulli bai jira kashi na ƙarshe ba; mako biyu da zancen ɗakin ajiya ya tura yayyensa, kuma an ce duk zaman kalma tara ya furta.

"Ɗari biyu," ta ce. "Takarda mai kauri. Guda ɗaya ka liƙe min a leda, na san ka iya wannan."

Kwafi ya share gilashin da hannun rigarsa, ya ɗora, ya danna. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, ya karanta katin ta kan kafaɗarsa.

"Shi angon kashi nawa ka ba shi?"

Kwafi bai ɗago ba.

"Ba ya cikin jadawalin," ya ce.

Injin ya yi ƙara, ya cinye kati na farko. Auta ta miƙa hannu ta buɗe murfin gefe, ta zaro shi, ta rufe da gwiwa.

"Wannan ne na ƙarshe da zan cire maka," ta ce. "Saura ɗari da casa'in da tara."